Fodkas: Gado, ba a raba ba har jikoki sun girma

Hajiya: To, maganar da ta cika mana waya tun makon jiya. Barista, kai suka fi kira.

Barista: Ai duk tambayar ɗaya ce: uba ya rasu, babban yaya ya riƙe gida da gona, ya ce kar a raba don zumunci. Wannan zumuncin ne yake kai su gaban alƙali. Ana nan sai ɗaya daga magada ya rasu, nasa rabon ya koma kan matarsa da 'ya'yansa, lissafi ɗaya ya zama uku.

Malam: Munasakha kenan a fiƙihu. Amma fa kafin rabo akwai tsari: likkafani da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, ita ma kada ta wuce sulusi.

Barista: Har ragowar sadaki bashi ne, Malam, mutane suna mantawa. Matar ta karɓi abinta, sannan ta shiga tumuninta.

Hajiya: Tumunin da in mun kai huɗu shi za mu raba!

Malam: Ko ku huɗu ne, ɗaya bisa takwas ɗin nan ne, in akwai 'ya'ya. Aya ta 12 a Suratun Nisa'i.

Hajiya: Shi ya sa nake hana Alhaji ƙari.

Barista: Ashe lissafi ne, mu muna cewa kishi.

Hajiya: Kishin ma da lissafinsa. Amarya ta zo jiya, ni na shekara talatin ina tuƙa tuwo, rabonmu ɗaya.

Malam: Allah Ya ja kwanan Alhaji dai.

Hajiya: Amin, amma ya ji.

Barista: Bari in koma kan banki, nan ne ake shan wuya. Sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin na kusa da shi, mutane suna ɗauka shi ne mai kuɗin. Ba shi ba ne. Shi dai wanda za a nema ne. Banki sai ya ga takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Kuɗin fansho ma haka. Yanzu ga wata sabuwa, kuɗi a waya, OPay ko Moniepoint, mai lambar sirri yana kabari, ba wanda ya san ma akwai asusun.

Malam: In kuma matar tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta haihu. Wannan jinkirin shari'a ce ta kawo shi, ba yaya ba.

Hajiya: Jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa fa? An tambaya sosai.

Malam: In akwai baffansa da rai, ba ya gado, sai dai wasiyya ko a ba shi kyauta tun...

Barista: Malam, lokaci ya ƙure, mai ɗauka yana ta ɗaga mana hannu. Jika sai mako mai zuwa.

Hajiya: Kai ka cinye lokacin ai.