Amsoshin Tambayoyinku: Ranar Hutu a Doguwar Tafiyar Keke

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da za mu duba a yau sun taru ne a kan masu doguwar tafiya bisa keke, da kuma ranakun da suke ajiye kekunan domin su huta.

Tambaya ta farko ta fito daga wani malamin makaranta a Damagaram, wanda ya ce ya ji labarin mutanen da ke tuƙa keke daga Masar har zuwa Afirka ta Kudu, yana so ya san ko gaskiya ne, kuma ko suna samun hutu a hanya.

To malam, labarin gaskiya ne. Tafiyar ana kiranta Tour d'Afrique, an fara ta a shekarar 2003, daga birnin Alƙahira zuwa Cape Town, nisan da ya kai kimanin kilomita 12,000, kuma a da takan ci kusan wata 4. Tsohuwar hanyar takan ratsa ƙasashe 10, wato Masar da Sudan da Habasha da Kenya da Tanzaniya da Malawi da Zambiya da Botswana da Namibiya da Afirka ta Kudu, kafin yaƙin arewacin Habasha na 2020 da na Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 su hana bin wasu sassanta. A rana guda matafiyan sukan yi fiye da kilomita 100, kuma bayan kwanaki kaɗan na tuƙi a jere sai a ya da zango a wani gari a yi hutun kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda ake yi a tsohuwar hanyar a Luxor da Khartoum da Gondar da Arusha, da kuma Livingstone da ke kusa da mafaɗar ruwa ta Victoria.

Hutun da ya fi jan hankalina a tsohuwar hanyar shi ne wanda ake yi ana cikin tafiya. Shekaru da dama, kafin a buɗe mashigar mota tsakanin Masar da Sudan a 2014, babu yadda matafiyi zai yi sai ya hau jirgin ruwa daga Aswan zuwa Wadi Halfa, ya ƙetare tafkin Nasser, wanda ya samu sakamakon babbar madatsar ruwan Aswan da aka kammala a 1970. Ƙetarewar takan ɗauki kusan kwana guda. Ana jibge kekuna tare da kayan 'yan kasuwa, kwalaye da buhuna da firji da talabijin, mutane kuma su nemi wurin shimfiɗa a saman jirgi, su kwana a fili, jirgin ya wuce da su ta gaban tsohon wurin bautar Abu Simbel. Ƙafa ba ta taka feda ba, amma an shiga wata ƙasa, kuma mutumin da ya yi makonni ba ya ganin komai sai bayan wanda ke gabansa ya samu zama kafaɗa da kafaɗa da 'yan Sudan masu komawa gida, ana miƙa masa shayi da burodi da dafaffen waken da suke kira ful.

Tambaya ta biyu daga wata hajiya ce a Kumasi, wadda ta ce: shin a ranar hutun barci kawai suke yi, ko akwai wani aiki?

Hajiya, barci yana ciki, amma aikin ranar yana da yawa. Da farko akwai haƙƙin jiki. Tsokar ɗan Adam tana ajiye wani nau'in sukari da take ƙonawa lokacin aiki mai nauyi, kuma idan ajiyar ta ƙare takan buƙaci aƙalla yini da dare ana cin abinci mai sitaci, irin su shinkafa da taliya da dankali, kafin ta sake cika. Akwai gishirin da ya fita ta gumi wanda dole a mayar, akwai kuma ciwon da sirdi ke haifarwa a mazaunai, wanda mutane kan ji nauyin faɗa, alhali idan aka bar shi ya zama maruru yana iya raba mutum da kekensa na kwanaki. Sai haƙƙin keke: a wanke kaca a sa mata mai, a duba birki, a yi wa tif faci, a ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki. Duk wanda ya ga masaukinsu a irin wannan rana zai tarar da kekuna a kife tayoyi sama, igiyoyi a ɗaure tsakanin tantuna an shanya wanki, kowa hannunsa baƙi ƙirin da man kaca.

A nan ne kuma zumunci yake ƙulluwa, kuma a ganina wannan shi ne babban amfanin ranar. A kan hanya kowa da ƙarfinsa, mai sauri ya yi gaba, mai rauni ya iso da la'asar a gajiye, ba ya da bakin hira. Ranar hutu ce kaɗai ke zaunar da su wuri ɗaya, har wanda ya iya gyara ya karɓi keken wanda bai iya ba, mai magani ya ba marar lafiya, a rankaya kasuwa tare a ci abincin gari. Haka fatakenmu na da suke yi a zango, inda ake sauke kaya a duba dabbobi, a san halin abokin tafiya. Kuma tunda an ambaci Sudan, hanyar da ke zuwa iyakar Habasha ta bi ta Wad Madani da Gadarif, yankunan da Hausawa suke da yawa, galibinsu jikokin mahajjatan da suka ya da zango a kan hanyarsu ta zuwa Makka har zama ya kama su.

Wani mai sauraro daga Garwa a Kamaru ya tambaya ko 'yan Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, su ma suna hutawa. Suna yi. Gasar, wadda aka fara a 1903, tana da zango 21 cikin mako 3, da ranakun hutu 2 a mafi yawan shekaru, galibi ranar Litinin. Sai dai ko a ranar sukan hau keke su yi awa ɗaya ko biyu a hankali, domin kada ƙafafu su sandare washegari.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi ce a Kano, wanda ya ce shi da abokansa suna shirin doguwar tafiya a keke, amma guzurinsu kaɗan ne, yana ganin ranar hutu ɓarnar kuɗi ce da lokaci.

Ɗan'uwa, na fahimci damuwarka, domin ranar da ba a tafiya ma sai an ci an sha, amma ina roƙonku kada ku soke ta. Ku dubi Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya kama hanya a keke a 2023 da nufin zuwa karatu Jami'ar Al-Azhar. Ya yi kimanin kilomita 4,000, an tsare shi a hanya fiye da sau ɗaya, kuma a lokacin da ya tsaya a Chadi ne wani ɗan jarida ya yi hira da shi, labarinsa ya bazu, mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgin sama zuwa Alƙahira, wanda ya raba shi da ratsa Sudan ana tsakiyar yaƙi. Shawarata ita ce ku ware kwana ɗaya bayan kowane kwana 4 ko 5 na tuƙi, ku sa ya faɗo a garin da ke da mai gyaran keke da asibiti, in da hali ranar Juma'a ko ranar kasuwa. Ku je ku gaida mai unguwa ku gabatar da kanku, ku tambayi direbobin tasha halin tsaron hanyar da ke gabanku, kuma idan ɗayanku ya ce jikinsa bai warware ba, ku ƙara masa kwana, kada ku bar shi a baya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na wannan mako. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.