Ƙofofi, Rimaye da Tsofaffin Kantunan Zariya

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da 'yan'uwa ɗalibai, abubuwa uku na yi niyyar taɓawa: ƙofofi, da rimaye, da tsofaffin kantuna.

Ƙofofin kowa ya san su: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyanbana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da sauransu. Ganuwar da ta haɗa su ce take ƙarewa, domin an daɗe ana haƙar ƙasarta ana yin tubali.

Rimi kuwa, ku yi mini haƙuri, a nan zan daɗe. Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza, duk unguwanni ne da suka ci sunan bishiya. Matafiyi yakan hango rimayen birni tun daga nesa, ya san ya iso Zazzau. A gindinsu, tsakanin manyan saiwoyin nan masu kama da bango, wanzami yake aski, mai ɗinkin babbar riga yake zama da allurarsa, dattawa kuma suke hira bayan la'asar. Da rani audugarsa ta fashe, a tsinta a cusa matashin kai da katifa. Na ga iyayenmu na sahun gaba suna gyaɗa kai, sun ga wannan da idonsu. Yau ana sare rimi saboda faɗaɗa hanya ko gina shago, kuma ba a dasa wani a gurbinsa, alhali rimi ba ya zama abin kwatance sai ya shekara da yawa. Ina maimaitawa, ba a dasa wani.

Na huɗu, a'a, na uku ke nan, kantuna. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa da fatu suka kafa kantuna a wajen Sabon Gari, har kamfanin Paterson Zochonis ya bar wa unguwar PZ sunansa.

(Tambaya daga wani dattijo: "Malam, kanti na mai shi ne, in ya so rushewa, wa zai hana shi?")

Gaskiyarka, Baba, babu mai hana shi, sai dai a nuna masa misali. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da aka zo sabunta shi ba a rushe shi duka ba, an bar wasu daga cikin bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan laka da ke riƙe da rufi, a cikin sabon ginin. Mai kanti ma zai iya barin tsohuwar ƙofa da allon suna ya gyara sauran. Ku ɗalibai kuma, ku ɗauki hotunan kantunan, ku zauna da tsofaffin masu su ku rubuta wanda ya buɗe kowanne da irin hajar da ya fara sayarwa.