Wuni Guda a Jidda, Garin da Alhazanmu Ke Ratsawa Ba Su Gani Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

A ƙauyenmu nan ƙasar Ringim, in ka tambayi alhaji ko ya san Jidda, zai ce maka ƙwarai kuwa, ai can jirginsu ya sauka. Ka ce to me ya gani, sai ya lissafa maka fararen rumfuna masu kama da tanti, da layin duba fasfo, da motar da ta kwashe su zuwa Makka. Filin jirgi ke nan ya gani. Garin kansa yana kudu da filin, a shimfiɗe a bakin Bahar Maliya, kuma shi za mu zagaya yau, daga asuba har dare, kamar yadda wanda ya gama Umara ya samu rarar kwana ɗaya zai yi.

Kafin komai, a yi lissafin rana. Zafin da muka saba da shi a bazara busasshe ne, ka shiga inuwar tsamiya ka samu sa'ida. Na Jidda jiƙaƙƙe ne. Iskar teku cike take da laima, gumi ya keto maka ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya. Don haka mutanen garin suka raba wuninsu uku: safiya ta fita, tsakar rana ta fakewa, sai la'asar sakaliya gari ya farka har tsakar dare. Wanda ya ce zai yi musu gardama da rana tsaka, shi ya sani.

Daga Makka zuwa Jidda tafiyar kamar kilomita 80 ce, kwatankwacin Kano zuwa Kazaure. Akwai tasi, akwai kuma jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki a 2018, wanda ba ya cin awa guda a hanya. Ka sallaci asuba ka kama hanya, amma ka shaida wa shugaban tawagarku inda ka nufa.

Karin kumallo kuwa, ka nemi inda ake layin ful da tamis. Ful wake ne manya da aka dafa ya yi luguf, a zuba masa man zaitun da yaji. Tamis kuma gurasa ce faffaɗa da ake mannawa a cikin tanderu, Bakano na ganinta zai gane 'yar uwar gurasar gida ce. Akwai masub, ayaba da aka dama da gurasa da zuma. Daɗi kam ba a magana, sai dai ni ban ba ka shawarar ci ba in kana da yawo a gabanka, don barci yake kawowa.

Yanzu ga mu a tsohon gari, wanda suke kira Al-Balad. Nan za mu daɗe.

Jidda ta samu ɗaukaka ne tun shekarar 647, lokacin da Sayyidina Usman ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka. Tun daga nan kusan duk mai zuwa Hajji ta ruwa, daga Indiya ne ko Misira ko ƙasashenmu, ta nan yake shiga. Ku dubi gidajen nan masu hawa huɗu, wasu biyar. Ba da laka aka gina su ba, ba kuma da bulo ba. Dutsen murjani ne da ake sassaƙowa daga gaɓar teku, a jera shi, a riƙa gitta katako tsakanin sahu da sahu don ya riƙe ginin, kusan aikin da azara ke yi a soronmu. Waɗannan tagogi na katako da suka turo kan titi kuwa sunansu rawashin. Aikinsu biyu: su tace rana su bar iska ta shiga, sannan matan gida su ga titi ba tare da mai wucewa ya gan su ba. Mu mun yi maganin wannan da zaure da katanga, su da ba su da filin tsakar gida sai suka yi da taga.

Garin da ganuwa yake da, kamar Kano, sai a 1947 aka rushe ta don a faɗaɗa shi. Har yanzu za ka ga Bab Makka, ƙofar da ayarin alhazai ke fita ta cikinta su nufi gabas. A 2014 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya.

Gidan da ya fi suna shi ne Baitu Nasif, da aka gama a 1881. A cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan Jidda ta shiga hannunsa a 1925. Matakalarsa faɗi gare ta, ba ta da tsini, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. Amma abin da ya ba ni dariya yana ƙofar gidan. Wata tsohuwar bishiya ce da masu yawon buɗe ido ke ta ɗaukar hotonta, wai a da ita kaɗai ce bishiya a garin, har ana kwatance da ita, a ce gidan nan mai bishiya. Na matsa na duba ganyen. Darbejiya ce fa! Wadda muke ɗaure awaki a gindinta.

Ba nisa daga nan akwai Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a garin, da Kasuwar Alawi mai turaruka da tasbaha da dabino da kayan ƙamshi. Da safe rabin shagunan a rufe suke, don haka safiya ta kallon gini ce, sayen tsaraba sai dare. Akwai kuma maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hawwa'u, har wasu ke cewa sunan garin daga kalmar Larabci ta kaka ya fito. Zance ne na gargajiya, malamai ba su tabbatar da shi ba, kuma babu wani kabari da za a nuna maka.

Kafin azahar sai babbar kasuwar kifi da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Tsarinta mai sauƙi ne. Ka zaɓi kifinka a taya, ka kai wa masu gyara su kankare su feɗe, sannan ka miƙa wa masu dafawa ka ce a gasa ko a soya. In aljihu da nauyi ka nemi najil, wani jan kifi mai ɗigo-ɗigon shuɗi, shi ne sarkin kasuwar. In ba haka ba hamur ya wadatar, ga jatan lande tuli. A haɗa maka da sayadiya, shinkafar da ake dafawa da albasar da aka soya har ta yi ƙasa-ƙasa. Mu da muka tashi da tarwada da ƙarfasar kogin Haɗeja, lomar farko za ta ba mu mamaki, don kifin teku ba ya ƙarnin laka, tsokarsa fara tas. Sai dai kada ka juya kuɗin zuwa naira kana tsakiyar ci. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, lissafin zai iya tsayar maka da ƙaya a wuya.

Daga azahar zuwa la'asar, ka samu wuri mai sanyi ka zauna kawai. Ka sha ruwa sosai. Mafi yawan ruwan da garin ke amfani da shi ma daga tekun nan ne, injina ke cire masa gishiri, don babu kogi a Jidda, ruwan sama kuma sai a jima ba a gan shi ba.

Rana na yin sanyi sai bakin teku, Kurnish, titin da ya bi gaɓa kusan kilomita 30. Iyalai sun shimfiɗa darduma, ga butar shayi, yara na ta guje-guje. Ka yi ƙoƙari magariba ta same ka a Masallacin Rahma, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa. In teku ta cika sai ka rantse yawo yake a kanta. A nan ma alƙibla gabas take kamar a gida, ka ba teku baya ke nan, rana kuma a cikin ruwan take faɗuwa.

Kafin a ta da iƙama, ka juya ka dubi yamma. Ƙetaren ruwan nan Sudan ce. Can ne tsohuwar tashar Sawakin, inda kakanninmu ke hawa jirgin ruwa bayan sun tako a ƙafa da jakuna ta Barno da Wadai da Darfur. Tafiyar kan ci shekaru, a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara guzuri sannan a ci gaba. Mai fita yakan yi sallama da dangi kamar ba zai dawo ba, da yawa kuwa ba su dawo ɗin ba. Wasu sun zauna a Sudan, wasu a nan Hijaz, shi ya sa za ka ji Ba-Saudiye sunan gidansu Hawsawi. Wanda ya riƙe wa Saudiyya kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hawsawi sunansa.

Bayan isha za ka hango wani farin ginshiƙi ya tokare sama daga cikin teku, fitilu na haska shi. Maɓuɓɓugar Sarki Fahad ce, tun 1985 take aiki, tana cilla ruwan gishiri sama da mita 260. Minti goma ya ishe ka kallo.

Abincin dare kuwa, na san inda zuciyar alhaji take: kazar Al Baik. To ita ma 'yar Jidda ce, a nan aka fara ta a 1974. Amma kaza kana iya samunta a Makka. Ni dai na ce ka nemi abin da suke kira sire, naman da ake yankawa sirara a barbaɗe da garin ƙuli da yaji a gasa. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka daga inda ya zo.

Ran da na je, wani dattijo na tarar yana fifita garwashi. Na tattaro ɗan Larabcin da na kwaso a makarantar allo na tambayi kuɗi. Ya ɗago ya dubi hulata, ya ce, "Na nawa za a sa maka, Alhaji?" Ya ce a nan aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, amma kakansa mutumin ƙasar Gumel ne. Yana naɗe min naman a takarda ya ƙara min tsinke biyu gyara, sannan ya tambaye ni ko bana an samu damina, gero ya yi kyau.