Kwalba ɗaya, dala 558,000: me ake saye a gwanjon tsohuwar giyar inabi?

Ku dubi kwalbar nan da kyau. Abin da ke cikinta bai wuce ledar fiya wata ɗaya da rabi ba, wato mililita 750. A watan Oktoban 2018, a ɗakin gwanjon Sotheby's da ke New York, wani ya biya dala 558,000 a kanta, har da la'ada. Su kansu masu gwanjon kiyasinsu bai wuce dala 32,000 ba. Jim kaɗan kuma 'yar'uwarta ta tafi a kan dala 496,000.

Kafin mu yi nisa, mun sani ga mafi yawan masu kallonmu giya haramun ce, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Kasuwar muka zo leƙawa, don kasuwa ce mai ban mamaki: ana sayen kaya da kuɗin gina unguwa, alhali mai saye ba shi da halin duba kayan, domin ranar da ya buɗe murfin, ranar kuɗinsa suka tafi.

Sunan giyar Romanée-Conti, kuma sunan gonar da ta fito ke nan, a ƙauyen Vosne-Romanée na yankin Burgundy a Faransa. Gonar hekta 1.8 ce kacal, ko filin ƙwallo uku ba ta kai ba. A shekara mai albarka kwalba dubu biyar zuwa shida take bayarwa, duk duniya kuma a kansu ake rububi. To, a 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, kwalba 600 kawai aka samu. Bayan girbin aka tuge itatuwan inabin gaba ɗaya, saboda wani ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo Turai daga Amurka tun ƙarni na 19 ya gama da su. Ba a sake samun giya daga gonar ba sai 1952. Kwalbar nan ta 1945 ce, ke nan ita ce 'yar autar tsofaffin itatuwan, kuma duk wadda aka sha, sauran sun ƙara tsada.

Me shekaru ke yi wa jar giya? Wanda ya taɓa tauna ɗanyen goro ko ya sha shayin da ya daɗe a buta ya san bauri, abin nan da ke kama harshe ya busar da baki. Ɓawon inabi da 'ya'yansa ne ke sa shi. Sabuwar jar giya mai ƙarfi baurinta yawa gare shi, amma in ta yi shekaru a kwance, sai ya lafa, wani ɓangarensa ya taru a ƙasan kwalba kamar laka. Launi ma yana juyewa daga ja mai duhu zuwa kalar jan bulo. Masu ɗanɗano suna cewa ƙamshin 'ya'yan itace yana ja da baya, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da fata da busasshen ganye ya taso. Galibin giyar da ake yi a duniya ba ta jure wannan jira, lalacewa take yi. Ƙalilan ne ke kai shekara hamsin.

Yadda suke buɗe ta ma kallo ne. Za a tsayar da kwalbar kwana ɗaya ko biyu, lakar ta kwanta. Toshiyar bakinta, wadda da ɓawon itace ake yinta, ta riga ta yi laushi, in aka yi gaggawa sai ta marmashe ta faɗa ciki. Sannan a kunna kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalbar, ana tsiyayewa a hankali cikin wani mazubi, da an hango lakar ta iso wuya sai a tsaya. Ƙwararren mai ɗanɗano zai karkata kofi a kan farin ƙyalle ya ga launi, ya sansana, ya kurɓa, ya kurkure, sau da yawa kuma ya tofar.

Tun da ba a buɗewa kafin ciniki, dillalai da ido suke aiki. Suna duba inda ruwan ya tsaya a wuyan kwalba, don in ya sauka da yawa, iska ta shiga. Suna tambayar inda ta kwana: ana so a ce ɗaki ne na ƙarƙashin ƙasa, mai duhu, mai ɗan danshi, sanyinsa wajen digiri 13, kwalbar kuma a kwance don toshiyar kada ta bushe. Sama da duka, salsala. Hannun wa da wa ta bi? Kwalbar 2018 ɗin nan daga ma'ajiyar Robert Drouhin ta fito, wanda gidansu ya daɗe yana dillancin giyar wannan gona. Wannan salsalar ce ta kai farashin inda ya kai.

Inda kuwa ake sayen labari, maƙaryaci ba ya rasa abin yi. A 1985 kamfanin gwanjo na Christie's a Landan ya sayar da wata kwalbar giyar Faransa mai suna Lafite, mai ɗauke da shekarar 1787 da haruffan Th.J., aka ce ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku. Christopher Forbes, ɗan gidan masu mujallar Forbes, ya biya fam 105,000. Aka kai ta wurin baje koli a ƙarƙashin fitilu, zafi ya busar da toshiyar, ta zame ta faɗa ciki. Daga baya attajiri Bill Koch, wanda ya sayi irin kwalaben guda huɗu, ya ɗauki masu bincike, suka ce da injin lantarki aka zana haruffan. Zamanin Jefferson kuwa ina lantarki?

Amma gwanin gwanaye shi ne Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya. Matashi ne mai hanci da harshe na gaske, ga sakin hannu, yana shirya wa attajirai liyafa yana buɗe musu kwalaben da ba a samu. A 2006, a gwanjo ɗaya na kamfanin Acker Merrall & Condit, an sayar da kayansa na dala miliyan 24.7. Asirinsa ya fara tonuwa a watan Afrilun 2008, lokacin da ya kawo giyar gidan Ponsot mai suna Clos Saint-Denis, ta shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya taso takanas daga Faransa ya shiga ɗakin gwanjon a New York, don ya san gidansu bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. Ɗa ya girmi ubansa ke nan. Aka janye kwalaben.

A watan Maris na 2012 jami'an FBI suka shiga gidansa a garin Arcadia. Suka tarar da kwalabe jiƙe a wurin wanke-wanke ana ɓare musu takarda, ga dubban takardun jabu, ga hatimai, ga toshiya, ga kakin rufe baki, ga kuma rubutun yadda yake gauraya giyar Kalifoniya da tsohuwar giyar Faransa mai araha har ta yi kama da ta 1945. Abin lura a nan: manyan masu ɗanɗano sun sha wannan haɗin a liyafarsa, sun yaba.

Kimiyya tana ɗan taimakawa. Gwajin makaman nukiliya da aka fara a 1945 ya watsa sinadarin caesium-137 a sararin duniya, ya shiga ƙasa, ya shiga inabi. A birnin Bordeaux na Faransa akwai masana da ke auna shi ba tare da buɗe kwalba ba. In aka ce giya ta 1930 ce, aka kuma same shi a ciki, magana ta ƙare. Sai dai gwajin ba ya faɗin gonar da inabin ya fito.

Kotu ta yanke wa Kurniawan shekara 10 a 2014, aka tasa ƙeyarsa zuwa Indonesiya a 2021. Hukuma ta farfasa kwalabensa na jabu sama da 500 a wani juji a jihar Texas. Waɗanda ya riga ya sayar kuwa, da yawansu suna nan kwance a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na attajirai, a sanyin digiri 13.