Wayar Murhun Lantarki: Laccar da Aka Gabatar wa Masu Aikin Wayarin a Gombe

Assalamu alaikum. Iyayenmu a wannan sana'a, ina neman izininku. Ku kuma samari masu koyo, ku matso gaba, don maganar tamu ta fi shafarku.

A bara an kira ni wani gida a Tumfure. Amarya ce, sati uku da tarewa, iyayenta sun sa mata babban murhun lantarki cikin kayan ɗaki, mai kai huɗu da oban. Wanda ya haɗa mata ya ga soket kusa da inda aka ajiye murhun, sai ya kwance shi ya jona a nan. Tana cewa da ni: "Malam, duk na ɗora girki sai in ji ƙaurin roba." Da na zaro wayar daga fayif, robar ta yi baƙi tana murmushewa a hannuna. Allah ne ya tsare gidan nan. Wayar 2.5 ce, wato kaurin jan ƙarfenta milimita murabba'i 2.5 ne, ta soket, aka ɗora mata kayan da ba nata ba.

To, ya ake gane wayar da ta dace? Ba a duban girman murhu da ido. A bayansa akwai ɗan ƙarfen da kamfani ya buga, nan za ka ga wat nawa yake ci. Na amaryar nan 9,200 ne. Wutarmu ta gida bolt 230 ce. Raba 9,200 gida 230, ka sami 40. Amfiya 40 ke nan, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin wayar, idan an kunna komai. Soket ɗin bango kuwa iyakarsa amfiya 13, wato wat 3,000 ba kaɗan. Kun ga tun daga nan zancen soket ya mutu.

Yanzu ku rubuta wannan. Wayar jan ƙarfe mai rigar roba, idan tana cikin fayif a bangon bulo: 2.5 tana ɗaukar amfiya 24, mai 4 tana ɗaukar 32, mai 6 tana ɗaukar 41, mai 10 kuma 57. Waɗannan alƙaluman daga littafin ƙa'idar wayarin na Ingila suke, wanda mu ma da shi muka koyi aiki.

Na ga wani ya ɗaga hannu a can baya. E, ɗana, na san abin da za ka ce, tunda amfiya 40 ake so, mai 6 kuma tana ɗaukar 41, ai shi ke nan. A nan ne da yawa ke faɗawa rami, kuma domin wannan na tara ku.

Waɗancan alƙaluman an yi su ne bisa cewa zafin wurin da wayar take digiri 30 ne. Ku gaya mini, a watan Afrilu, a Gombe, ina ake samun digiri 30 da rana? Robar waya ba ta son wuce digiri 70. Idan iskar da ke kewaye da ita ta riga ta yi zafi, ɗan abin da ya rage mata kafin ta kai 70 ya ragu. Shi ya sa littafin da kansa ya ce a rage: a digiri 40 ka ninka da 0.87, a digiri 50 ka ninka da 0.71. Mai 6 ɗin nan da kake taƙama da ita, a digiri 40 ta koma wajen amfiya 36. Idan kuwa ka bi da ita ta cikin silin, ƙarƙashin kwano, inda duk wanda ya taɓa hawa da azahar ya san yadda gumi ke tsiyaya, to a digiri 50 ta koma 29. Mai 10 ita ce za ta sauko daga 57 ta tsaya a 40.

Akwai kuma wani rangwame a littafin. Sun ce ba kullum ake kunna duka kawunan murhu ba, don haka a ɗauki amfiya 10 na farko, a ƙara kashi 30 cikin 100 na ragowar. A namu lissafin sai ya ba da 19 kacal. Ban ce ƙarya suka yi ba, gidajensu suka duba. Amma ni na san girkin gidajenmu. Ranar suna ko ranar Sallah, tuwo a kai ɗaya, miya a ɗaya, wake a ɗaya, kai da ƙafa na tafasa tun safe, oban kuma na gashi. Ba na yarda in jingina ran iyalin mutum da wannan rangwamen. Murhu mai cin 9,200, ni mai 10 nake ja masa da bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, mai amfiya 40. Ƙarami, wanda bai wuce 7,000 ba, mai 6 da bireka 32 sun isa, muddin wayar a bango take ba cikin silin ba.

Bireka aikinta tsare waya. Kada lambarta ta fi abin da wayar za ta iya ɗauka bayan ka yi ragin zafi. Maigida zai ce maka tana yawan faɗuwa, ka sa masa babba. Ka ba shi haƙuri, ka ce masa: "Alhaji, idan na sa babba, wayar ce za ta ƙone a madadinta."

Layin murhu shi kaɗai yake tafiya tun daga allon rabon wuta, ba ya haɗa hanya da firji ko hita. A sa masa makunni mai amfiya 45 da ke yanke wayoyi biyun, kusa da hannun mai girki amma ba saman tukunya ba. Wayar da ke kai wuta ƙasa dole ce, jikin murhun ƙarfe ne, mai girki kuma hannunta a jiƙe yake. Idan kicin na da nisa, ya wuce mita 30 ko 40, a sake lissafi, don wuta na raguwa a hanya.

Sai sayen wayar kanta. Akwai ta alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, an buga mata 6 a jiki. Alminiyon bai kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, duk lissafin da muka yi ya rushe ke nan. Ka fere bakinta, ka kankare da wuƙa a gaban mai shago. In ta yi fari a ciki, ajiye masa abinsa. Ka nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ka ɗaga nadin ka ji nauyinsa.

Na zo da guntun wayar gidan amaryar nan. Ga ta, ku zagaya da ita kowa ya taɓa, sannan mu shiga tambayoyi.