Dokin Mutum Dubu Biyar: Yadda Ake Mallakar Dokin Tsere da Karo-karo

Ranar Asabar ce, 5 ga Satumba, 2020. Wurin kuma filin tseren dawaki na Churchill Downs ne, a birnin Louisville na jihar Kentucky a Amurka. Yadda aka saba, ranar tseren Kentucky Derby mutum fiye da 150,000 ne ke cika wurin maƙil, amma a wannan shekarar cutar korona ta hana 'yan kallo, tseren kansa ma sai da aka ɗage shi daga watan Mayu. Ku dubi dokin da ke gaba. Sunansa Authentic. Ya cinye kilomita 2 cikin minti 2 da ɗan abin da ba a rasa ba, ya zo na ɗaya.

To dokin na wane ne? Akwai attajirai a ciki, musamman gonar kiwon dawaki ta Spendthrift. Amma ban da su akwai mutum sama da 5,000 da kowannensu ke da ikon bugun ƙirji ya ce dokinsa ne ya ci, kuma bai yi ƙarya ba. Mai ƙaramin kaso a cikinsu dala 206 kacal ya biya.

Kafin mu ga yadda aka yi haka, sai mun fahimci abin da ya sa ake cewa tseren dawaki wasan sarakuna ne. Sayen dokin shi ne mai sauƙi. A kasuwar gwanjo ta Tattersalls da ke Newmarket a Ingila, ko ta Keeneland a Kentucky, ana samun duƙushi na 'yan dubbai, ana samun na miliyoyi. Ba nan gizo ke saƙar ba. Daga ranar da doki ya shiga barga kuɗi ke fita: ladan mai horarwa kullum, abinci, yaron da ke wanke shi yana share masa wuri, wanda ke motsa shi da asuba, mai gyaran kofato da ke sauya masa takalmin ƙarfe kusan duk wata, likitan dabbobi, inshora, motar kai shi fili, kuɗin shiga kowane tsere. A Birtaniya riƙon doki ɗaya a hannun mai horarwa ya haura fam 20,000 a shekara. Ko ya yi gudu ko yana ɗingishi a barga, takardar biyan kuɗi ba ta fashi.

Dabarar da aka fito da ita ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kamar watanda ce: sa ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, sai a haɗu mutum 20, kowa ya kawo nasa, a saya, a kasa. Bambancin shi ne a watanda kafin azahar kowa ya ɗauki kasonsa ya wuce gida. Shi wannan ba yanka shi za a yi ba. Gobe zai ci, jibi zai ci, kuma kai ne mai ciyarwa.

A Amurka wanda ake dangantawa da fara wannan tsari shi ne Cot Campbell, wanda tun 1969 ya riƙa haɗa mutane su sayi doki tare, daga baya ya kafa bargar Dogwood. Dokinsu Summer Squall ya ci Preakness, ɗaya daga cikin manyan tseren dawaki na Amurka, a 1990. Sai dai kason wancan zamani na masu hali ne, dubban daloli. Abin da ya karya farashi shi ne wayar hannu da sauyin doka. Daga 2015 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni sayar wa jama'a hannun jari. Kamfani irin MyRacehorse sai ya yi wa kowane doki rajistarsa daban, ya yanka shi gunduwa-gunduwa a takarda, ya baje a manhaja. A kan Authentic, kashi 12.5 cikin 100 na dokin suka samu, suka raba shi gida 12,500. Wato kowane kaso ɗaya cikin 100,000 ne na dokin. Masu barkwanci kan ce gashin wutsiya ɗaya suka saya.

Kuma ba sau ɗaya abin ya faru ba. A 2023 wani doki mai suna Mage ya ci Kentucky Derby, rubu'insa na masu ƙananan kaso ne su kusan 400, da suka saya dala 50 kowane kaso ta manhajar Commonwealth. A 2024 Seize the Grey ya ci Preakness cikin taɓo a Baltimore, masu shi mutum 2,570, kowane kaso dala 127, mai horar da shi D. Wayne Lukas yana da shekara 88 a duniya.

Amma labarin da ya fi nuna asalin abin ba na manhaja ba ne. Mu tafi kudancin Wales, wani ƙauye mai suna Cefn Fforest, inda a da haƙar kwal ce sana'a, aka rufe mahaƙun, aka bar mutane da zaman kashe wando. Akwai wata mata, Jan Vokes, tana aiki a kulob ɗin ma'aikata na ƙauyen, tana kuma shara a wani kanti. Ta taɓa kiwon karnukan gudu da tattabarun tsere, doki kam ba ta san kansa ba. Ta ji wani yana hirar dokin da suka taɓa haɗa kuɗi suka saya, ta ce ita ma sai ta gwada. Ita da mijinta suka sayi wata goɗiya da ba wanda ke so a kan 'yan ɗaruruwan fam, aka kai ta barbara wurin ingarma mai araha, ta haihu a 2001. Ɗan ya tashi a wani ɗan fegin lambu da ke bayan gari, cikin rumfar da suka haɗa da hannunsu.

Kuɗin horo fa? Nan aka kafa ƙungiya, mutum 23, kowa fam 10 a mako. Suka raɗa wa dokin suna Dream Alliance, suka kai shi wurin Philip Hobbs, ɗaya daga cikin manyan masu horar da dawakin tsallake shinge. Doki ya fara ci. A 2007 ya ci kofin Perth, ya zo na biyu a babban tseren Hennessy. Sai a 2008, a filin Aintree, jijiyar ƙafarsa ta gaba ta yanke ana tsakiyar gudu. Irin wannan rauni sau da yawa a nan fili ake ƙarasa doki don a hutar da shi. 'Yan ƙungiya suka ce a'a. Suka ɗebi kimanin fam 20,000 daga abin da dokin ya ciwo musu, kuɗin da ya kamata su raba, suka biya aka yi masa sabon magani na dashen ƙwayoyin halitta. Ya yi fiye da shekara yana jinya. Ranar 28 ga Disamba, 2009, a filin Chepstow, wannan dokin da ya tashi a lambu ya ci Welsh Grand National, tseren da ya fi kowanne daraja a ƙasar Wales, kusan kilomita 6 ana tsallake shinge.

Yanzu ku riƙe alƙalami. Duk rayuwarsa ta tsere Dream Alliance ya ciwo kusan fam 138,000. Da aka cire horo da magani da sauran hidima, kowane ɗan ƙungiya ya tashi da ribar fam 1,430. Shekara da shekaru ana zubi, kuma a kan dokin da ya yi abin da ba a taɓa tsammani ba.

Mu koma kan Authentic mu yi irin wannan lissafi. Kyautar wanda ya zo na ɗaya a Derby na 2020 dala miliyan 1.86 ce. Raba ta gida 100,000. Mai kaso ɗaya ya samu dala 18 da santi 60, kafin a cire ushirin mahayi da ushirin mai horarwa. Tseren da ya fi kowanne suna a Amurka ke nan. Inda kuɗin gaske yake shi ne bayan doki ya yi ritaya: Authentic ya fara barbara a 2021 ana biyan dala 75,000 kan kowace goɗiya. Amma wannan sai ingarma, kuma sai zakaran gwajin dafi. Dream Alliance fiɗiyayye ne, kamar yawancin dawakin tsallake shinge, don haka ranar da ya daina gudu ranar kuɗi suka daina shigowa.

Akwai waɗanda suka dace, ba a musu. A Japan, inda wannan tsari ya yi ƙarfi ƙwarai, an raba goɗiyar nan Almond Eye gida 500, kowane kaso yen 60,000, ta zo ta ciwo sama da yen biliyan 1.9. Sai dai ku tuna, a Arewacin Amurka kaɗai ana haifar dawakin tsere kusan 20,000 a shekara, gurbin shiga Derby kuwa 20 ne. Da yawa ba sa taɓa cin tsere ko ɗaya, wasu ko fili ba sa kaiwa. Ƙididdigar masu dawaki a Birtaniya ta daɗe tana nuna cewa abin da ke dawowa ta hanyar kyauta bai kai sulusin abin da aka kashe ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A ganina duk mai tallar da ya kira wannan abu hanyar neman riba, a yi hattara da shi. Kamfanonin kirki da kansu suna rubutawa ɓaro-ɓaro cewa nishaɗi kake saya.

To mene ne nishaɗin? Saƙon murya daga mai horarwa da safe, yana cewa doki ya ci abinci sosai, ya yi atisaye lafiya. Bidiyonsa yana gudu a kan tudu. Ranar ziyara, a buɗe muku barga, ka shafa wuyansa, ka miƙa masa karas a tafin hannu. Ranar tsere, in rabo ya rantse, a ba ka alamar masu doki ka maƙala a ƙirji, ka shiga da'irar da ake zagayawa da dawaki kafin a hau, ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da masu jiragen sama, mahayi ya zo ya gaishe ka. Na ce in rabo ya rantse domin fili ba ya ba doki ɗaya alama 3,000. 'Yan kaɗan ake bayarwa, sai a yi ƙuri'a. Sunanka kuma ba zai fito a takardar tsere ba, sunan ƙungiya ne zai fito. Ba kai za ka zaɓi mahayi ba, ba kai za ka ce a shiga tsere kaza ba. Wannan duk aikin manajan ƙungiya ne da mai horarwa.

Akwai wani bambanci da mutane ke yawan tsallakewa. A Birtaniya hukumar tseren dawaki ta raba abu biyu. Na farko ƙungiyar mallaka, inda kake da kaso a jikin dokin, in an sayar da shi kana da rabonka. Na biyu kulob, inda kake biyan kuɗin shekara don a dama da kai, wataƙila a ɗan yafa maka daga kyautar da aka ciwo, amma dokin na kulob ne. Ga inda bambancin ke fitowa fili. Goɗiyar nan Marsha ta Elite Racing Club ce, kulob mai dubban mambobi. A Disambar 2017 aka sayar da ita a Tattersalls kan fam miliyan 6.3, farashin da ba a taɓa sayar da doki a gwanjon Turai ba kafin ranar. A irin wannan rana ce mutum zai so ya san ko shi mai kaso ne ko ɗan kulob.

Saboda haka kafin a biya, a karanta yarjejeniya. Biya ɗaya ne ya ƙunshi ciyarwa na shekara, ko duk wata za a riƙa turo maka takarda? In doki ya ji ciwo aka buƙaci tiyata, za a dawo a ce ku ƙaro? Nawa manaja ke ɗauka? Wannan na ƙarshe ana iya gano shi cikin sauƙi, domin farashin gwanjo a bayyane yake a intanet. Ka duba nawa aka sayo dokin, ka ninka kuɗin kaso da yawan kason, ka ga tazarar. Wani ɓangare na tazarar kuɗin riƙo ne na halal, amma in ta yi faɗi, a tambaya. Sannan in ka gaji kana son fita, sau da yawa ba kasuwar da za ka kai kasonka, sai ka jira a sayar da dokin. A kuma duba abin da aka tanada don tsufansa, domin doki kan bar tsere yana ɗan shekara 5 zuwa 10, alhali yana iya kaiwa 25 ko fiye.

Ga masu kallonmu daga Kano, Maraɗi ko Kumasi: wasu daga cikin waɗannan kamfanoni mazauna ƙasarsu kaɗai suke sayar wa kaso. In wani ya turo maka saƙo a WhatsApp wai ka tura kuɗi asusunsa ya saya maka kaso a dokin Dubai da ribar kowane mako, wannan ba doki yake sayarwa ba.

Saura tambayar da na san tana ran da yawa daga cikinku: wannan ba caca ba ce? Mallakar kaso a doki daban, zuba kuɗi a kan wanda zai ci daban, kuma mai kaso ba dole ne ya taɓa yin fare ba. Sanannen hadisi ma ya ambaci doki cikin abubuwa uku da aka halatta sa kyauta a gasarsu, tare da raƙumi da harbin kibiya. Inda maganar take shi ne asalin kuɗin kyautar. A Birtaniya ana karɓar kashi 10 cikin 100 na ribar da kamfanonin caca ke samu a kan tsere, wani kaso mai tsoka na wannan kuɗi yana shiga kyaututtuka. A Amurka da Japan ma daga cacar ake yanko mafi yawan kyautar, wasu jihohin Amurka har da kuɗin injinan caca da ke filayen. A Dubai da Riyad ba a caca a fili, gwamnati da masu ɗaukar nauyi ne ke zuba kyautar, kamar Kofin Saudiyya na dala miliyan 20 da aka fara a 2020. Amma ƙananan kason nan na dala 50 da 100 galibi a Amurka, Birtaniya, Ireland da Ostareliya ake sayar da su. Don haka in za ka je wurin malam, kada ka tsaya kan ko ya halatta a mallaki doki da karo-karo. Ka gaya masa a wace ƙasa dokin zai yi gudu, da kuma inda kuɗin kyautar ke fitowa.