Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Lafiya a Ziyararsa ga Masu Binciken Rigakafin HIV

Mai girma Ministan Lafiya, shugabannin sassa, malamai da abokan aiki, assalamu alaikum.

A madadin ma'aikatan wannan cibiya, ina yi maka barka da zuwa, tare da godiya bisa lokacin da ka ware domin jin inda aka kwana game da allurar rigakafin HIV ta DNA.

Ranka ya daɗe, wannan allura ba ta ɗauke da ƙwayar cutar. Ɗan zoben DNA ne, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, mai umarnin ƙera wasu sassan ƙwayar cutar, tsokar damtse ta karɓa ta ƙera su, garkuwar jiki kuma ta gan su ta ɗaura ɗamara. Tun 1990 aka ga tsokar ɓera tana karɓar irin wannan umarni, amma da aka zo kan ɗan Adam sai martanin ya yi rauni, domin kaɗan ne daga DNA ɗin ke kutsawa cikin ƙwayoyin halitta. Shi ya sa aka kawo na'ura mai sakin ɗan lantarki a wurin allurar, wanda masu sa kai ke jin zafinsa har tsoka ta motsa, kuma suna jurewa, Allah ya saka musu. A gwajin HVTN 080, inda aka yi amfani da wannan na'ura, kusan kashi 89 cikin 100 na wani rukunin masu sa kai sun nuna martanin sojojin jiki na T bayan allura ta uku.

Sai dai martanin da ake gani a jini daban, kariya daban, kuma nan ne gizo ke saƙa. An dakatar da allurar DNA ta gwajin HVTN 505 a Amurka a Afrilun 2013, mai mutum kusan 2,500, saboda bai hana kamuwa ba, haka kuma aka dakatar da ta PrEPVacc a Yuganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu a ƙarshen 2023. Gwajin RV144 na Tailan, wanda ba na DNA ba ne, shi ya ba da kariyar kashi 31 a 2009, kuma ya nuna muhimmancin antibodi, wato sinadaran kariya da jiki ke samarwa a jini, masu kama ɓawon ƙwayar cutar. A ganinmu amfanin DNA yanzu shi ne share fage, kafin wata allurar ta ƙarfafa martanin.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne tallafi mai ɗorewa, domin bibiyar jinin masu sa kai aiki ne na shekaru, ga firji mai tsananin sanyi da bai kamata wuta ta yanke masa ba. Bayan wannan zama za mu raka ka ɗakin gwaje-gwaje ka ga yadda ake ƙirga waɗannan sojojin jiki. Allah ya yi maka jagora.